Jakin da ke Ƙarƙashin Furen Bado

Ba zan taɓa mantawa da ranar da inji ya tona mini asirin shekara talatin ba, da rana tsaka, a gaban ɗiyata, kuma a hankali, kamar mai karanta wasiƙar wani a bainar jama'a.

Ni mai fenti ne, ko in ce na taɓa zama. A nan Tasawa in ka tambayi Mai Hure, tsofaffi za su nuna maka ni, yara kuwa za su ce ba su san shi ba. Lekol, wato makarantar boko, shekara biyu na yi. Na gudu ranar da mushe, malamin ajinmu, ya kama ni na zana shi a allo da kan zakara (wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin tsiyar da aka haife ni da ita). Daga nan na kama burushi. Amalanken jaki, ƙofar shago, allon gadon amarya, bayan kamiyo, wato babbar motar kaya, babu inda ban dasa fure ba. Furen bado ne tambarina, ganye bakwai, ɗaya a karkace. Daga Kona har Mayahi, wanda ya gan shi ya san hannuna ne.

To akwai wata ɗabi'a tawa da ko uwar ƴaƴana ba ta sani ba. Mu a sana'ar fenti ba a gogewa, rufewa ake yi. Ka yi kuskure, ka bar shi ya bushe, ka shafa wani a kai, shi ke nan. Ni kuwa sai na mai da wannan hanyar ramuwa. Duk wanda ya ɓata mini rai wajen aiki, kafin in shafa farin fenti na farko sai in zana shi a jikin katakon. Marowaci in yi shi kura. Mai surutu in yi shi zabuwa. Mai girman kai kuwa talo-talo, da hularsa da komai. In ya bushe in rufe da fari sau biyu, in zuba furanni a kai. Sai in zauna bakin hanya ranar kasuwa, in ga mutum ya wuce bisa amalankensa yana taƙama, bai san bisa hotonsa yake zaune ba. In yi dariyata ni kaɗai. Ba na cutar kowa, haka nake ce wa kaina.

Sai zamani ya juya. Aka fara kawo otokolan daga Maradi, fure a leda, ka ɓare ka manna, ba jiran bushewa. Ƴan kabu-kabu suka bar ni, masu shago suka bar ni, har amare suka bar ni. Gwangwanayena suka bushe. Na koma gindin bedi, wato dogon yaro, ina dara da tsofaffi, ina zagin zamani.

Barira ce ta ɗauko ni daga can. Ita ce babbar ɗiyata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, ta ƙi zaman jiran sadaka. Ta tafi Maradi ta koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta, ta dawo ta sayar da awakinta da ƴan kunnen aurenta, ta buɗe ɗan shago kusa da tasha. Ordinatar ɗaya, injin yanka otokolan ɗaya, pano mai kama hasken rana a saman rufi saboda kuran, wato lantarki, ba shi da alkawari. Wata rana ta same ni wurin dara, ta durƙusa ta ce, "Baba, kai ke da hannu, ni ke da inji. Zo mu haɗa."

Na san tausayi ne. Amma na yi kamar roƙona ake, na ce zan duba.

Washegari tun kafin ta buɗe ina bakin ƙofa.

Jama'a, zanen ordinatar ba zane ba ne, dabara ce ta aljannu. Ba ka jan layi yadda kake yi da burushi. Wani ɗan abu ake ba ka a hannu, wai suri, ni ɓera nake ce masa. Da shi kake dasa ɗigo, nan ɗaya, can ɗaya, kowane ɗigo da ƴan hannuwansa biyu. In ka ja hannun, sai layin ya lanƙwasa. Ka ja da yawa, ya murɗe kamar maciji ya sha duka. Furena na farko da na gama, Barira ta daɗe tana kallon sa, ta ce, "Baba, sawun raƙumi ne?" (Ɗiyar Mai Hure ce, ba a ƙasa ta tsinci bakinta ba.)

Ta nuna mini yadda ake yin ganye ɗaya, a ce wa ordinatar ta haifi shida irinsa, ta jera su a da'ira. Na ce Allah ya kiyaye. Wannan ba fure ba ne, sojoji ne a fareti. Je ki tafki ki duba, ko Ubangiji bai yi ganye biyu iri ɗaya ba. Ni kowane ganye da hannuna zan lanƙwasa shi. Ta ce to. Abin da ya ci ni da mamaki shi ne, ka zana furen kamar ƙwayar gero, ka buɗa shi ya kai faɗin ƙofa, bakinsa na nan sumul bai yage ba. Nan kam na sara wa mai abin.

Sau uku ta nuna mini maɓallin gogewa. "Baba, in ka yi kuskure, taɓa abin, ka danna nan, ya tafi." Sau uku na ce na ji. Ban ji ba. Tsoho da ya shekara talatin yana rufewa, ina shi ina gogewa? Da kaina na gano yadda ake jawo farin murabba'i a ɗora kan abin da ba a so. Sai ya ɓace ɓat, ekran, wato fuskar ordinatar, ya koma fari tas. Na ce ashe nan ma akwai farin fenti, kuma ba ya ƙarewa. Ban gaya mata ba, don ina jin daɗin na gano wani abu ba da malami ba.

Wata huɗu muna ƴan ƙananan ayyuka, lambar moto, wato babur, sunan shago. Shagon yana numfashi ne kawai, bai tashi ba. Sai ga Alhaji Lawali.

Alhaji Lawali mutumin Gidan Amumune ne, mai kamiyoyin da ke kwaso gero da wake daga kasuwannin Mayahi. Ni kuwa na san shi tun yana Lawali mai amalanke, saurayi siriri da riga ɗaya. Jakinsa ya taɓa cizon sa a kunnen hagu ya gutsure ɗan gefe, har yau giɓin na nan, shi ya sa yake karkata hularsa ta wannan ɓangaren. Amalankensa na farko ni na yi masa fure. Ya tsaya a kaina tun safe yana cewa ƙara ja nan, rage kore can, har ya ƙure ni. Da ya tafi salla, kun san sauran.

Ya shigo shagon da farar shadda da tabarau, direbansa na biye. Da ya gan ni bayan ordinatar sai ya buɗe baki ya tafa hannu.

"La ila! Mai Hure! Kai na nan? An ce mani ɗiya ta ɗauke ka aiki, na ce ƙarya a kai. To Hajiya, yana zuwa da wuri ko sai an rage mai albashi?"

Direba ya yi dariya. Malam Idi tela, maƙwabcinmu, da ya leƙo gaisuwa, ya yi dariya. Ni ma na yi, haƙora kawai. A ciki kuwa maganar ta zauna mini kamar ƙayar aduwa. Yaron da na sani da riga ɗaya!

Abin da ya kawo shi babba ne. Ya sayi sababbin kamiyo shida, yana son furen bado a ƙofar kowace, hagu da dama, da gaban gilashi. In aikin ya yi kyau, tsofaffin ma za a yi, kuma zai turo abokansa. Barira ta rubuta komai a takarda. Da suka tafi ta zauna ta ce, "Baba, in wannan ya tabbata, shagon nan ya tsaya da ƙafarsa. Yaran nan ba za su bar lekol ba. Ka yi masa furen da ba ka taɓa yi ba."

Na ce ki bar ni da shi.

Washegari ta tafi bikin suna Bawdeta, ta bar mini shago. Na zauna ni da ɓera. Na dasa ɗigo na farko da niyyar ganye, wallahi da niyyar ganye. Amma maganar albashin nan ta taso mini. Na ja hannun ɗigon, ganyen ya yi tsawo. Na ƙara ja, ya yi tsini. Na duba na ce, kai, wannan ai kunne ne.

Ban taɓa yin aiki mai kyau a ordinatar kamar jakin nan ba. Kunnen hagu da giɓinsa. Hula a karkace. Tabarau. Haƙora a waje yana dariyar da ya yi mini. Har carbi na rataya masa a wuya. Na zauna na kalle shi na yi dariya har da hawaye, zuciyata ta yi sanyi. Sannan na jawo farin murabba'i na ɗora a kai. Ɓat. Don ƙarin tabbaci na ɗora na biyu, kamar yadda na saba. A kan wannan farin na shiga aikin gaske, kwana biyu ina lanƙwasa ganye. Fure uku, babba a tsakiya, reshe ya zagayo su. Da Barira ta dawo ta gani sai ta dafe ƙirji. Ta ce, "Baba, ashe da gaske ne abin da ake faɗi a kanka." Kaina ya kusa taɓa rufi.

Ranar da aka sa, Alhaji ya zo bayan azahar, shi da direba. Malam Idi ya baro kekensa, mai shayin bakin tasha ma ya leƙo, don labari ya bazu Mai Hure ya dawo. Na sa rigata ta Juma'a. Alhaji ya ga furen a ekran, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Shi na. Har da ganyen da ya karkace."

Barira tana da ƙa'ida. Ba ta yanka leda sai ta gwada, don ledar tsada gare ta. Sai ta cire wuƙar injin ta sa bik, wato biro, a wurin, ta shimfiɗa babbar takarda, injin ya zana tukuna a ga girman. Ta sa bik. Ta danna. Injin ya yi ƴar ƙara, bik ya sauka.

Ya ja wani dogon layi, ya lanƙwasa, ya yi tsini, ya dawo.

Na ce a raina, wannan ba daga nan na fara furen ba.

Ya ja na biyu kusa da shi. Can wajen gefe sai bik ya ɗan shiga ciki, ya fito. Giɓi.



Alhaji ya sunkuya. "Wanga ganye na?"

"Ganyen bado ne, Alhaji," na ce. "Akwai dogo. Na cikin ruwa sosai." (Ku ji tsoho da furfura yana ƙarya a kan halittar Allah.)

Barira ta dubi ekran, ta dubi takarda, ta dube ni. A ekran furanni ne kawai. A takarda kuwa bik bai tsaya ba. Ya yi goshi. Ya gangaro ya yi dogon hanci. Ya hau sama ya ɗora hula, ya karkata ta hagu. Na yi addu'a kuran ya ɗauke, kuran da kullum yake ɗaukewa ba a roƙe shi ba. Sai na tuna akwai pano. Da ya fara zagaya tabarau, Malam Idi ya yi wani tari, ya toshe bakinsa da hula ya fita da baya. Muna jin sa a waje yana shaƙewa. Direba ya kafa ido a ƙasa kamar ya ga zinariya.

Barira ta kai hannu za ta kashe. Alhaji ya ɗaga yatsa.

"Bar shi, ɗiyata. Bari shi ƙare."

Haka muka tsaya. Injin ya yi haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya yi carbi, ƙwaya ƙwaya, bai tsallake ko ɗaya ba (ni na sa kaina, talatin da uku na yi cif). Sannan ya zo kan farin murabba'ina, wanda na ɗauka shi ne rufin asiri. Ya zagaye jakin da layi huɗu. Ya sake zagayewa karo na biyu. Firam ya yi masa, irin na hoton da ake ratayawa a bango. Bayan nan ne ya shiga furanni, ya jera su a kan jakin, reshe ya zagayo wuyansa kamar angon da aka yi wa ado. Da ya gama ya koma gefe ya yi tsit, kamar ba shi ba.

Na so Alhaji ya yi faɗa. Wallahi na so ya zage ni ta uwa ta uba, in sami abin riƙewa. Bai yi ba. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu, ya gyara hula. Ya zare takardar da kansa, ya ninke ta sau huɗu ya sa aljihu.

Barira ta zube ƙasa. "Alhaji, don girman Allah ka yi haƙuri. Laifina ne, ban duba ba."

"Tashi, ɗiyata, ba ke ba ce." Ya juyo gare ni. Muryarsa ƙasa ƙasa. "Mai Hure, ka san abin da ya sa ban kai aikin ga Maradi ba? Allon amalanken nan da ka yi mani, yana nan rataye a zaurena. Duk baƙon da ya zo sai na nuna mai, in ce daga nan arziki ya faro, hannun mutumin ga albarka gare shi." Ya dube ni cikin ido. "Shi ma akwai a ƙarƙashi?"

Na dubi takalmina.

Ya ce, "To. Allah shi ba mu alheri." Ya fita, direba ya bi shi.

Bayan mutane sun watse, Barira ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta danna wani abu, launuka duk suka ɓace daga ekran, saura layuka tsirara. Ga jakin nan kwance a ƙarƙashin furen, yana mini dariya. Ta ce, "Baba, inji ba ya ganin launi. Layi yake bi. Abin da ba a goge ba yana nan." Ta taɓa jakin, ta danna maɓallin nan da ta nuna mini sau uku. Ya tafi. Ko ƙiftawar ido bai kai ba.

Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Aikin kowa sai na buɗe shi haka na duba kafin in tura wa inji. Naka ne kaɗai ban taɓa dubawa ba."

Na gwammace ta mare ni.

Kamiyoyin Alhaji a Maradi aka yi musu fure. Nakan gan su suna wucewa ta gaban tasha, ganye shida shida, iri ɗaya, sojoji a fareti. Abokansa da ya ce zai turo, ko ɗaya bai zo ba. Malam Idi kuwa ya yi wa labarin ɗinki ya sa masa aljihu. Kafin sati, tsofaffin da na yi wa aiki suka shiga kankare ƙofofinsu da wuƙa. Wani mahauci ya tarar da kura, ya zo har gindin bedi yana tambayata me ya yi mini. Wani kuma ya kankare ƙofarsa kaf bai sami komai ba, shi ma ya zo da fushi, wai na raina shi ke nan, kuma wa zai mayar masa da fentinsa.

Barira ta ci gaba da lambar moto da sunan shago. Babban yaronta har yanzu yana lekol, amma ta ƙara da sayar da ƙanƙara a bakin shagon kafin hakan ta yiwu, kuma na san dalili. Ba ta kore ni ba. Ta sa wa ordinatar lambar sirri, ta fito mini da benci ƙofar shago, ta ce, "Baba, ekran na ɓata maka ido. Ka huta." Kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Ita ma ɗiyar mai fenti ce. Ta iya rufewa, kuma na san abin da ke ƙarƙashi.

Bayan kamar wata ɗaya wani ɗan kabu-kabu ya tsaya gabana da abu naɗe a buhu, ya ce daga Gidan Amumune. Na buɗe. Allon amalanken ne. Furen na nan, ja ya koɗe, ganye bakwai, ɗaya a karkace. A kusurwar sama an kankare wuri kaɗan, bai fi tafin hannu ba. Tsinin kunne ya fito, da giɓinsa. Nan mai kankarewar ya tsaya. Babu saƙo, babu takarda.

Yana ɗakina yanzu, na juya fuskarsa ga bango. Sau biyu na sayo farin fenti zan rufe wurin, sau biyu na fasa.

To ga abin da na koya, da tsufana, a makarantar da ba a gudu. In mutum ya ɓata maka rai, ka zage shi da baki a gabansa, iska ta kwashe, gobe ku gaisa. Kada ka binne zagin ka shuka fure a kai, don ba ka san wa zai rataya shi a zaurensa yana sa maka albarka ba. Maɓallin gogewa kuwa, yanzu na san inda yake. Ko an ɗaure mini ido zan nuna muku shi, can sama ta hannun dama. Sai dai duk faɗin Tasawa babu mai bari in taɓa ordinatar tasa.